Hannun Mai Tarkace

Gwaggo ce ta tayar da maganar tun ruwan shayi bai tafasa ba. Ita dama haka Allah ya yi ta, in abu yana cin ta ba ta iya bari gari ya gama wayewa.

"Yaya, tunda birni za ku, ka ja wa ƴarka kunne. Asibitin ido aka ce, ba wurin Mai Tarkace ba."

Auta tana durƙushe gaban Baba tana ɗaura masa igiyar takalmi, ba ta ko ɗago ba. Shekara guda ke nan cur ana kiran mutumin da take so da wannan suna a gidan, amma har yau in ta ji sai abin ya soke ta. Abokansa Dogo suke ce masa. A gidan adana kayan tarihi na birni yake aiki, shi ne mai gyara duk abin da ya tsage ko ya karye. Can suka haɗu ranar da ta kai ɗalibanta ƴan aji huɗu yawon buɗe ido. Sau biyu yana turo manyansa, sau biyu Baba yana cewa a dakata.

Gwaggo ta ci gaba tana jera kofuna. "Namiji da ƙarfinsa, ya tashi da sassafe ya tafi goge ƙura a kan tsofaffin tukwane. Aikin da nake yi kullum a gidan nan, ko sannu ba a ce mini."

"Ba goge ƙura yake yi ba, Gwaggo," Auta ta faɗa a hankali.

"To me yake yi? Hira da su?"

Baba ya laluba ya ɗauki sandarsa. Shekara arba'in ya yi yana kafinta, rabin ƙofofin unguwar daga hannunsa suka fito. Shekara uku da suka wuce idonsa ya fara dushewa, yanzu haske da inuwa kawai yake bambancewa. Tun rasuwar mahaifiyarta Auta ce idonsa. Ita ke ware masa magani, ita ke karanta masa saƙon waya, ita ke cewa, "Baba, ga matakala."

"Ni magana ɗaya na yi," in ji shi. "Ba na ba da ƴata ga hannun da bai san wahala ba. Mutumin da aikinsa a duniya shi ne hana jama'a taɓa abu, ina ya san darajar abu?"

Auta ta shige kicin kamar za ta ɗauko sukari, ta jingina da bango ta yi kukanta ba sauti. Ta yi wa Baba alkawarin ba za ta ga Dogo a bayan idonsa ba, kuma ta cika, sai dai gaisuwa a waya. Amma a makon jiya Dogo ya gaya mata abin da ya hana ta barci: mahaifinsa ya ce in wata ya ƙare babu amsa, su sun janye, ba za su ci gaba da zubar da girmansu a ƙofar gidan mutane ba. Yau saura kwana shida.

Likitan bai ɓata musu lokaci ba. Ya haska idon dama, ya haska na hagu, ya jawo kujera kusa da Baba ya ce jijiyar ta riga ta gaji, aiki ba zai dawo da komai ba, kuma ɗan hasken da ya rage ma a hankali zai tafi. Baba ya yi masa godiya kamar wanda aka ba kyauta. Suka fito bakin titi ƙarfe goma sha ɗaya, motar komawa kuwa sai biyar na yamma.

Sun jima a tsaye motoci suna wucewa.

"Auta, shekara nawa ina shigowa garin nan sayen katako, ban taɓa shiga ko'ina don kallo kawai ba," in ji Baba. "Kai ni in ga wani abu kafin a kashe fitilar."

Gidan zane-zane ne ya fi kusa, don haka can suka fara. Ta sayi tikiti biyu, suka shiga wani dogon ɗaki mai farin bango da sanyi, inda kowa yake tafiya sannu-sannu hannu a baya kamar an zo dubiya. Ta tsayar da shi gaban zane na farko.

"Faɗa mini."

"Mace ce a bakin taga, Baba, tana riƙe da wasiƙa."

"Ta buɗe ta?"

Auta ta ƙara dubawa. Ita ba ta ma lura ba. "A'a, a rufe take."

"To ta san abin da ke ciki ke nan. Tagar fa, marfi ɗaya ko biyu?"

Haka suka bi ɗakin. Ita tana kallon zane, shi yana tambayar abin da babu wanda zai tambaya. Jirgin ruwan nan da wane irin katako aka yi shi? Teburin can ƙafa nawa ake gani? Da suka isa gaban wani ƙaton zane da ba mutum ba dabba a ciki, sai ja da shuɗi an watsa, Auta ta yi iya ƙoƙarinta ta kasa.

"Kamar dai fenti ya zube, Baba."

"Kuma aka rataye?"

"Har da fitila aka sa masa."

"Allah mai iko. Ni da na taɓa zubar da fenti a kan ƙofar wani, biya na yi."

Wata mata da ke kusa ta rufe baki tana dariya. Baba ya ce a bar zanen, a gaya masa yadda aka haɗa kusurwar firam ɗin. Da ya gaji ya zauna a bencin tsakiyar ɗaki, nan take hannunsa ya shiga aiki, ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya ce wanda ya yi bencin ya iya yanka amma gaggawa ta yi masa yawa wajen samfefa. Rabon da Auta ta ga fuskarsa a sake haka har ta manta. Ita kanta ta ga abin mamaki: ta taɓa zuwa wurin nan da idonta biyu, amma sai yau da take bayani ga wanda ba ya gani ta san ashe da wucewa kawai ta yi.

Da suka fito Baba ya tsaya yana jujjuya sanda.

"Wurin tarkacen nan yana da nisa?"

Ta juyo ta kalle shi. "Titi biyu ne."

"Mu je. Amma wayarki ta zauna a jaka."

Gidan tarihin tsohon gini ne mai matakala bakwai, ta ƙirga masa su ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai ɗakin tukwane, da ɗakin tsofaffin kuɗi, da na fitilu da agoguna, kowane abu yana kwance cikin gilashi da ƴar takarda a gefensa. Baba ya sa ta karanta masa takardun. Ya yi mamakin cokalin da ya girmi kakan kakansa, ya tambaya ko mai shi ya san wata rana za a biya kuɗi a kalli abin da yake lasa. Auta tana amsawa, amma rabin hankalinta yana kan kowace ƙofa.

A bakin ɗaki na huɗu Baba ya ja birki ya shaƙi iska.

"Nan katako ne."

Gaskiyarsa. Kujeru ne da ƙofofi da gadaje, a tsakiya kuma wani akwati a kan ɗan dandamali, ba gilashi, sai jar igiya da aka zagaye shi da ita. Auta ta karanta takardar: ya haura shekara ɗari biyu, babu ƙusa a jikinsa, babu makulli, kuma har yanzu ba a gano yadda ake buɗe shi ba.

"Babu ƙusa? Matsar da ni."

Ta matsar da shi har igiyar ta taɓa gwiwarsa. Ya sunkuya yana ƙifta ido, inuwar akwatin kawai yake gani. Kafin ta ankara ya ɗaga ƙafa ya tsallake igiyar, ya miƙa hannu. Saura kamar tsawon yatsa ya taɓa, sai ga wani hannu ya shiga tsakani.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba a taɓawa."

Dogo ne, da farar rigar aiki da ɗan buroshi a aljihu. Bai kalli Auta ba, ya ɗan rusuna, amma hannun nan bai janye shi ba.

Baba ya miƙe a hankali. Muryar ba baƙuwa ba ce, ya sha jin ta daga wayar ƴarsa.

"Yaro, ka san ko ni wane ne?"

"Na sani, Baba. Tun shigowarku na gan ku, nauyi ne ya hana ni ƙarasowa."

"Ka kuma san ba na gani sai da hannu?"

"Na sani. Da nawa ne, wallahi har gida zan kai maka shi. Amma ajiya ce aka ba ni. Gumin hannu yana cin tsohon katako, ka fi ni sani."

Mutane sun fara juyowa. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. A ranta tana cewa, sau ɗaya tak, Dogo, ka kawar da kai mana, wa zai sani? Baba ya juya baya. Ya tsallako igiyar, ya kama kafaɗarta ya ce, "Fitar da ni."

A harabar ginin akwai benci a ƙarƙashin bishiya, nan ta zaunar da shi. Hawayen da take riƙewa tun asibiti suka ɓalle gaba ɗaya. Shi ke nan, shekara guda ta haƙuri ta tashi a banza saboda akwatin da babu wanda ya san mai shi. Haushin Dogo take ji, tana kuma jin haushin kanta don ta san bai yi laifi ba.

Baba yana zaune, yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa kamar mai auna wani abu. Ta jira faɗa, ta jira "ai na gaya miki." Can sai ya ce:

"Akwatin nan, katakon ƙasa na gefen hagu ya ɗan fi na dama gajarta?"

Ta share ido. "Ban lura ba, Baba."

"Ke ma dai. An ba ku ido kuna wasa da shi."

Sun kai rabin awa a wurin kafin ta ji takun mutum. Dogo ya zo ya durƙusa a gaban Baba, farar rigarsa tana jan ƙasa.

"Baba, daga ofishin shugabanmu nake. Na roƙe ta ta bar ka ka taɓa, ta ce doka ba ta ba ta wannan ikon ba, sai ma'aikaci kuma da safar hannu. Amma ta yarda a rufe ɗakin na rabin awa. Ga hannuna. Ka ɗora naka a kai, ka kai shi duk inda kake so."

Auta ta kalli mahaifinta. Ta ga girman kai da son sani suna kokawa a fuskarsa, kuma ta san shi, kafinta ba ya iya kwana da tambayar katako a ransa.

"Kawo in ji irin kayan aikin da za a ba ni aro," in ji Baba.

Ya kama hannun ya juya shi, ya bi tafin da babban yatsansa, ya matsa kan yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sai ya dakata. Hannun ya yi kanta, fatar yatsun ta bushe da gam, ga wani dogon tabo daga gindin yatsa har wuyan hannu.

"Wannan fa?"

"Gilashi ne ya zame zai faɗa kan wata tukunya, na tare."

"Tukunyar ta fashe?"

"A'a, Baba."

Baba ya ce, "Hm," ya miƙe.

Aka rufe ɗakin. Shugabar, wata dattijuwa mai tabarau, ta tsaya daga gefe da littafi a hannu. Dogo ya sa safar hannu ya durƙusa, Baba ya durƙusa a bayansa ya ɗora tafukansa a kan nasa. Suka bi gefen akwatin tare, sannu a hankali.

"Tsaya. Koma baya. Ka ji wata ƴar gaɓa a nan?"

"Na ji."

"Wata nawa kana fama da shi?"

"Bakwai."

"Wata bakwai, ba ka sa masa ƙarfe ka ɓanɓare ba?"

"An ba ni shawarar haka. Na ga wanda ya yi shi da hannu ya rufe, to da hannu zai buɗu. In na fasa, na ga ciki amma na rasa akwatin."

Baba ya gyaɗa kai.

"Maigidana da ya koya mini sana'a ya taɓa yin irinsa sau ɗaya. Katakon ƙasan nan ba jan sa ake yi ba, danna shi za ka yi ƙasa. A hankali, ya tsufa, lallashi yake so. Yauwa. Yanzu tura na gefe wajen dama."

Aka ji wani ɗan ƙara, ƙas. Marfin ya zame gefe kamar jiya aka rufe shi. Shugabar ta saki littafinta ya faɗi.

Auta ta leƙa. Babu zinariya, babu takarda, babu komai. Sai wani ƙamshin katako da ya taso, sabo fil, wanda ya shekara ɗari biyu a kulle. Baba ya sunkuya ya shaƙa ya lumshe ido.

"Faɗa mini, Auta. Duba jikin bangon ciki."

"Akwai layi, Baba, kamar an ja da tsinin wuƙa. An ja ɗaya an soke shi, an sake jan wani a ƙasansa kaɗan."

Baba ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi. "Ya yi kuskuren awo. Ya ɓoye a ciki inda ya ɗauka babu mai gani. Wallahi ɗan'uwana ne, haka muke yi." Yana dariyar hawaye suna bin gemunsa, bai kuma damu ya share ba.

A bencin harabar suka sake zama, su uku wannan karon, Dogo a ƙasa. Baba ya murza kan sandarsa ya ce:

"Auta, ƙarya na yi miki shekara guda. Ba hannunsa nake ƙi ba, ban ma taɓa riƙe shi ba sai yau. Tsoro nake ji. In kika tafi, wa zai ce mini ga matakala?"

Ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka. Duk tsawon lokacin nan ta ɗauka raina zaɓinta ya yi, ashe uban nata tsoron duhu yake ji shi kaɗai.

Dogo ya gyara murya. "Baba, gidan da na kama tun bara ɗaki uku ne, kuma babu matakala ko ɗaya. Da gangan na nemi irinsa. Na so manyana su faɗa, amma ba a kai ga nan ba. Sannan shugabarmu ta ce in tambaye ka, akwai wasu kaya goma sha ɗaya a ɗakin ajiya da suka gagare mu."

"Goma sha ɗaya? Me kuke yi a wurin nan tun safe?" Baba ya girgiza kai. Sai ya laluba ya kamo hannun nan mai tabo. "Ka hana ni abin da nake so a gaban jama'a, kana sane da cewa amsarka tana bakina. Na ji haushi ƙwarai. Amma da nake zaune a nan na yi tunani, wanda bai saki ajiyar mutane don ya samu mata ba, in na ba shi tawa ajiyar ba zai sake ta ba. Ka ce wa mahaifinka ya turo jibi."

Da suka isa gida Gwaggo tana bakin ƙofa tana jira. Ta ji labarin likita ta yi salati ta share hawaye, sannan ta ji sauran labarin ta riƙe haɓa.

"Yaya, asibiti na aike ku. Yanzu Mai Tarkacen za ka ba?"

"Shi fa. Kuma ki iya bakinki, don daga mako mai zuwa ni ma can zan riƙa zuwa."

"To Allah ya sa alheri. Ni dai a tambaya mini ko suna ɗaukar masu goge ƙura."

Bayan wata uku aka yi auren. Hasken idon Baba ya ƙarasa tafiya kamar yadda likita ya faɗa, amma duk ranar Talata ana ganin sa a ɗakin katako, hannunsa a kan na surukinsa. An sake takardar da ke gefen akwatin, an rubuta yadda ake buɗe shi da wanda ya nuna. Duk sanda Auta ta kawo ɗalibanta takan tsayar da su a wurin, ta ce su duba da kyau su faɗa mata abin da suka gani. A ranta kuwa darasin da ta ɗauka daban ne. Da ta ɓanɓare zuciyar mahaifinta da ƙarfi, da wataƙila ta samu mijin amma ta rasa uban. Ta yi haƙuri, Dogo ya riƙe amana a ranar da sakin ta ya fi sauƙi, sai Allah ya bar mata su duka biyun.